Cikin da Aka Ɗora wa Inna

Wannan wurin na daɗe ina kewaye shi. Na ba ku labarin ƙuruciyata a bakin tafki, na ba ku na aurena da ubanku, duk kun sha dariya har da riƙe ciki. Yau babu dariya. Na ce da jikata Hadiza, wadda ke rubuta mini, ta ajiye gyare-gyarenta na 'yan boko, ta sa magana yadda ta fito daga bakina. Kun taso kuna jin ana cewa kakarku, uwata, ta rasu da tsohon ciki, wasunku ma sun ji abin da ya fi haka muni daga bakin tsofaffin unguwa. To, cikin waɗanda suka san abin da ya faru a gidan nan na Madarunfa ni kaɗai na rage, kuma ba na so in tafi da shi.

Babana masunci ne, da damina kuma ya noma gero da 'yar gyaɗarsa. Zazzaɓi ya ɗauke shi shekara biyu kafin abin da zan faɗa. Inna ta gama takaba, masu nema suka zo, ta ce ita ta gama aure, a bar ta ta riƙe ƙannena. Ta zauna a gidan, tana matsar man gyaɗa tana tuyar ƙuli-ƙuli. Gidan yana hannun Baffa Mati, ƙanen babana, sai kuma yayarsu Gwaggo Dije, wadda ita ce ungozomar unguwarmu, ita ce kuma ke wanke gawar mata. Inna doguwa ce, ba ta da yawan magana, ni kuwa 'yar farinta ce, saboda haka tsakanina da ita sai kunya. Ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In tana kirana ta ce "ke", in tana zancena da wani ta ce "waccan". Ku na yanzu da kuke hawa cinyar uwa har ku yi gemu ba za ku gane ba, amma ba ƙiyayya ba ce, haka muka tarar ana yi.

Shekarar da na yi cikin fari, aka mai da ni gida goyon ciki kamar yadda ake yi wa kowace yarinya. Ruwa ya ɗauke, ana cirar gyaɗa. Ina shiga tsakar gida na ga Inna a bakin murhu, gabana ya faɗi. Fuskarta ta zabge, ƙasusuwan wuyanta sun fito, hannuwan nan da ke juya tukunyar gyaɗa sun zama sirara, amma ciki ya turo zane gaba, ya kusa kai nawa. Na gaishe ta, ta amsa tana kallon wuta. Ashe gari ya riga ni gani tun da daɗewa. Washegari na bi ƙanwata rijiya don in miƙe ƙafa, muna isa mata suka yi tsit, sai wata maƙwabciyarmu, Tabawa, mai baki kamar reza, ta dube ni sama da ƙasa.

"A'a, maraba da baƙuwa! Gidanku dai albarka ta sauka. Tukunyar wanka guda ta ishe ku, uwa da ɗiya."

Aka kwashe da dariya. Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Mace mai shekara biyu da rasuwar miji, ba ta yi aure ba, ga ciki: ba sai an yi wa kowa fassara ba. Na dawo gida tulun ko rabi bai kai ba, na shige ɗaki na yi kuka. Kuma ba don tausayin Inna na yi kukan ba, don kaina na yi, ina tunanin da wane ido zan dubi dangin mijina in maganar ta kai musu.

Baffa Mati shi ya nemo mafita, kuma kada wani cikinku ya zage shi, don mutum ne da bai taɓa barin rumbunmu ya yi ƙasa ba. A wancan zamani kowa ya san kwantaccen ciki: mace ta ɗauki ciki, wani firgici ko baƙin ciki ya sa ɗan ya kwanta, ya yi shekaru bai girma ba, sannan wata rana ya tashi. Baffa ya ce ai wannan cikin yayansa ne, rasuwar ce ta kwantar da shi, yanzu Allah ya tashe shi. Ya ɗauki goro ya tafi wurin Liman, a gaban dattawa, ya faɗi haka. Liman ya ce littafi bai hana ba, ciki yakan daɗe. Aka yi fatiha, aka watse. Daga ranar bakin mutane ya karɓa, ko da idonsu bai karɓa ba, mu ma muka samu abin da za mu ce in an tambaye mu. Duk wannan kai-da-kawo, babu wanda ya tambayi mai cikin. Ina daga ɗaki na ji lokacin da Gwaggo Dije ta zo gaya mata abin da aka yanke.

"Yaya," in ji Inna, "mai ɗaki shi ya san inda ruwa ka zuba mishi. Na haihu ba sau ɗaya ba, na san ciki. Wanga ba ciki ba na, ciwo na."

"Rufa mana asiri, ki rufa ma kanki. Kina jin in munka ce ciwo na wani zai yarda? Gari ya riga ya ce ciki. Tunda sun ce ciki, gara mu ba shi uba."

Na ji Inna ta ja turmi ta ci gaba da daka.

Wata rana da tsakar rana, kowa ya tafi gona, Gwaggo ta tafi karɓar haihuwa a wata unguwa, gidan ya rage daga ni sai ita. Tana zaune a inuwar ɗaki ta jingina da bango, don a lokacin kwanciya ta fara yi mata wuya, abinci kuwa loma biyu ta ce ta ƙoshi. Sai na ji ta ce, "Ke. Zo nan." Na zo na durƙusa nesa kaɗan, kamar yadda na saba. Ta miƙo hannu ta kama nawa, abin da ba ta taɓa yi ba tun da na yi wayo, ta ɗora shi a kan cikina. Ɗan kuwa kamar ya san ana jiransa, ya yi shuri. Sannan ta sassauta zanenta ta ja hannuna ta ɗora a nata. Fatar ta ɗaure tam, ruwa na kai-komo a ƙarƙashinta, da ta danna yatsuna ƙasa sai na ji wasu curi-curi masu tauri kamar ƙwallon goruba, nan ɗaya, can ɗaya. Muka jira. Babu abin da ya motsa.

"Kin ji naki, kin ji nawa," in ji ta. "Tun da ubanki yar rasu ko inuwar namiji ban taka ba. Ki hwaɗa ma Baffanki a kai ni Maraɗi, lokotoron asibiti shi duba ni."

Na zare hannuna da sauri, na kasa duban fuskarta. Kunyar taɓa cikin uwata ta rufe ni, ga kuma wata kunyar da ta fi ta nauyi, don har wannan rana rabin zuciyata yana tare da matan bakin rijiya, kuma na san ta sani. Uwa ba ta rantse wa 'yar farinta a kan irin wannan magana sai ta ga babu sauran wanda zai saurare ta.

Da la'asar na tarar da Baffa a zaure yana gyaran tarun babana. Ku tuna yarinya ce ni, ga ciki a gaba, a gaban ƙanen ubana. Kalmar "ciki" ma ba ta faɗuwa a bakina a wurinsa, balle in ce masa na taɓa na ji babu ɗa. Na durƙusa, na ja gyale na rufe rabin fuska, abin da ya iya fita kawai shi ne, Inna ta ce a kai ta Maraɗi. Ya ajiye tarun.

"Ɗiyata, Maraɗi ba nisa gare ta ba, ga jaki, ga motocin gyaɗa. Amma in munka kai ta, lokotoro ya sa abin saurarensa yac ce cikin wata biyar na, ina za mu sa kanmu? In ko yac ce babu komi, to na yi ma Liman ƙarya gaban dattawa ke nan. Bari ta sauka lahiya, in ya so a kai ta."

Na ce to. Na koma na gaya wa Inna ya ce sai ta sauka. Ta yi wani ɗan murmushi da ban taɓa mantawa ba, ta ce Allah ya kai mu.

Bayan wannan ne jijiyoyi suka fara. Sai wata jijiya ta taso a damtsenta ta yi ja, ta yi tauri kamar igiya, ko zane ya taɓa ta sai ta cije baki. Kwana kaɗan ta lafa, wata ta ɓullo a sharaɓa. Gwaggo ta ce zafin jini ne irin na masu ciki, ta jiƙa mata tsamiya. Sannan wata safiya ƙafar hagu ta tashi a kumbure, tun daga cinya har tafi, ta yi biyun 'yar'uwarta, tana sheƙi, da zafi rau, kalarta ta soma duhu. Ta dama tana nan siririya kamar ba jiki ɗaya suke ba. Inna ta daina iya takawa sai da sanda. Mata suka riƙa shigowa dubiya, kowace ta kalli ƙafar ta ce ai haka babban ɗa ke yi, ya danne jijiya, namiji ne in Allah ya so. Wata ma har ta ce kamannin marigayi zai ɗauko. Ina zaune da nawa cikin, ƙafafuna biyu sun ɗan tasa daidai wa daida kamar na kowace mai ciki, ina kallon bambancin da idona, bakina a rufe.

A nan ne Hadiza ta ajiye alƙalami, don aikin jinya take yi a asibiti. Ta ce abin da na kwatanta ya yi kama da ciwon daji na cikin ciki wanda ya yi nisa har ya tara ruwa. Ta ce irin wannan ciwo in ya ci jiki yakan sa jini ya yi kauri, ya daskare a cikin jijiya ya zama guda, ya toshe hanya, shi ya sa ƙafa ɗaya ke kumbura ta bar ɗaya. Kuma ta ce irin wannan ƙafa ba a murza ta, don gudan yana iya ɓallewa ya bi jini ya je ya toshe huhu, mutum ya tafi yana tsaye. Na tambaye ta, da an kai ta Maraɗi za ta tashi? Ta ce a wancan zamani da wuya ƙwarai. Tana tsammanin zan ji sanyi, ban ji ba. Ni ba warkewa nake yi wa kuka ba, kwana in ya ƙare ya ƙare. Da an kai ta, da aƙalla wani ya buɗe baki a gaban mutane ya ce matar nan ba ta da lafiya.

Ana cikin haka na sauka, na haifi yayanku Isiyaku. Ranar na ga Inna da ban sani ba. Duk kunyar da ta yi mini shekara da shekaru ta huce ta a kan jikan. Ta sa a ɗora mata shi a ƙirji, tunda cinya babu wuri, tana yi masa tsiya.

"Kai, wanga miji nawa mummuna na! Ka zo hannu rabbana, ko goro ba ka riƙo min ba?"

Aka ɗora babbar tukunyar wankan jego, safe da yamma Gwaggo ta yi mini wanka da tafasasshen ruwa da ganye. Tunda ga ruwan zafi a gida, sai Gwaggo ta ce bari ta riƙa gasa wa Inna ƙafar ita ma, a samu iskar da ke ciki ta fita kafin haihuwa. Gwaggo Dije mace ce mai hannu, in ta kama ki sai kin kira sunan uwarki. Takan tsoma tsumma a ruwan ta danna, sannan ta shafa man kaɗanya ta murza tun daga idon sawu ta yi sama da shi har cinya, da dukan ƙarfinta, Inna na riƙe da ƙafar gado, gumi na zuba, ba ta ko uhun. Da zuciya ɗaya Gwaggo ke yi, abin da ta gada ke nan, kuma ta tashi ƙafafu da yawa da shi. Garin neman gira muka rasa ido.

Ana saura kwana kaɗan suna, da hantsi, bayan an gama gashin, Inna ta ce yau ta ji ƙafar ta yi sauƙi, bari ta taka ta je ta ga mijinta. Ina bakin ƙofar ɗakina da jaririn, ita tana tahowa daga nata da sanda. Ta kai wajen turmi sai ta tsaya. Ta saki sandar ta dafe ƙirji, ta buɗe baki tana jan numfashi kamar kifin da aka fitar daga taru. Ta ce, "Iska, ku ba ni iska." Ta yi tari, ɗan jini ya fito, leɓɓanta suka yi baƙi, ta sulale ta zauna jikin turmin. Ƙanwata ta ƙwalla ihu, maƙwabta suka yo cikin gida, wata daga cikinsu ta ce naƙuda ce, naƙuda ta zo! Nan da nan suka cicciɓe ta zuwa ɗaki, suka durƙusar da ita kamar yadda ake durƙusar da mai haihuwa, biyu na riƙe da hammatarta, ana ta kiran Gwaggo ta zo ta karɓa. Gwaggo ta shiga ta tsuguna a bayanta. Ni ina tsaye a bakin ƙofa, jiki ɗanye, ɗa a hannu, ina jin muryoyinsu.

"Yi nishi! Daure, yi nishi, ya kusa!"

Haka uwata ta cika, 'ya'yana. Ba a laƙanta mata kalmar shahada ba, nishi ake ce mata ta yi. Na dai ga leɓɓanta na motsi, kuma har yau ina roƙon Allah ya sa ita ce take faɗa. Sai da kanta ya langaɓe a kafaɗar mai riƙe da ita sannan suka gane, aka kwantar da ita, salati ya tashi.

Wajen wanka Gwaggo ta kori kowa, ta ce ni in zauna in riƙa miƙo mata ruwa. Da ta zo inda ake shafa cikin mamaci a hankali, sai ta tsaya, hannunta a kan cikin, ta daɗe. Hawaye suka zubo mata. Ta yi magana ba tare da ta dube ni ba.

"Babu kai, babu baya, babu ƙahwa. Ba ɗa cikin nan."

"Na sani, Gwaggo. Ta sa hannuna na ji."

"Ni ma na sani. Tun watan jiya da na taɓa hannuna ya hwaɗa min. To an riga an kai goro wurin Liman, in ce mi?"

Muka gama, muka sa mata likkafani. Cikin ya tasa farin ƙyallen sama, babu yadda za a yi a ɓoye shi. Kafin maza su shigo ɗauka, Gwaggo ta kira Baffa bayan ɗaki, ni ina jikin danga ina ji. Ta gaya masa. Sai na ji ya ce shi ma jikinsa ya ba shi tun ranar da ya ga ƙafar, don matarsa ta haihu sau da yawa bai taɓa ganin haka ba. Ku duba fa, mu uku, kowa ya sani a cikinsa, kowa ya yi shiru yana jin kunyar ɗan'uwansa, muka zuba ido matar na narkewa a gabanmu muna jiran suna.

"Wa da wa ya ji?" in ji shi.

"Ni da ɗiyar."

"To shi tsaya nan. In munka ce yanzu ba ciki ba na, za su ce munka ga ta mutu munka sake magana. Wanda bai yarda da na hwarko ba, ba zai yarda da na biyu ba. A bar ta da uban da munka ba shi."

Aka ɗauke ta, aka kai ta. Maza suka zauna a ƙofar gida, mu mata aka shimfiɗa mana tabarmi a tsakar gida, aka zaunar da ni kusa da Gwaggo da Isiyaku a cinya, don ni ce babba, ni za a yi wa gaisuwa. Na ce a raina duk wadda ta fara shigowa zan gaya mata, in ya so Baffa ya yi fushi, uwata ta mutu da ciwo ne, ba ta da komai a cikinta sai ciwo. Na shirya maganar tsaf a bakina. Wadda ta fara shigowa Tabawa ce, idonta ya yi ja, kuka take yi na gaskiya. Ta durƙusa a gabana, mata na biye da ita har zaure, duk suna kallona.

"Sannu, ɗiyata, sai haƙuri. Rai biyu rana guda. Allah shi jiƙan su, ita da abin da ke cikinta."

Na juya na dubi Gwaggo. Gwaggo na kallon tabarma.

Na ce amin.